Beaujolais

Beaujolais jar giyar inabi ce da ake yi a yankin da ke da wannan suna a gabashin Faransa, arewa da birnin Liyon. Kusan dukkanta daga inabi iri ɗaya ake yin ta, wanda ake kira Gamay. A shekarar 1395 sarkin Burgundi, Philippe le Hardi, ya hana shuka wannan inabi a ƙasarsa, sai nomansa ya bunƙasa a kudu, a tsaunukan Beaujolais. Hukuma ta ba wa sunan kariya a 1937.

Giyar ba ta da nauyi a baki, baurinta kaɗan ne, tana da ɗan tsami da ƙamshin 'ya'yan itace kamar ceri, wani lokaci har da na ayaba. Wannan ƙamshi yana fitowa ne daga yadda ake sarrafa ta: ana zuba curin inabin ɗungurungum a rufaffen mazubi ba tare da an matse shi ba, sai 'ya'yan su fara tsimuwa daga cikin fatarsu. Ana shan ta da ɗan sanyi. A Liyon an saba haɗa ta da naman alade da aka adana da gishiri, gasasshiyar kaza da cuku.

Yankuna goma ne suka fi daraja, cikinsu akwai Morgon, Fleurie da Moulin-à-Vent. Sabuwar giyar shekara kuwa, Beaujolais Nouveau, tun daga 1985 ake fitar da ita kasuwa ranar Alhamis ta uku a watan Nuwamba.