Naɗin Hafsa a Rundunar Mayaƙan Sama ta Ingila, 1918 zuwa 1945



Abin da zan yi magana a kai shi ne ƙa'idojin da rundunar mayaƙan sama ta Ingila ta bi wajen naɗa hafsoshinta, tun daga kafa ta har ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Na ce naɗi, domin a can mutum ba ya zama hafsa sai da takarda daga Sarki, wadda ke ba shi ikon ba da umurni, ta kuma ɗora masa alhakin rayukan na ƙasa da shi. Saje kuwa, kome gwanintarsa, manyansa ne suka ɗaura masa igiya, su ne kuma ke iya kwance ta. To, wa ya cancanci wannan takarda?

A sojan ƙasa na Ingila amsar tana da sauƙi, watau ɗan gidan wadata. Har zuwa 1871 da kuɗi ake sayen muƙamin hafsa a yawancin rundunoni, kuma ko bayan an hana cinikin, albashin ƙaramin hafsa bai isa ya riƙe shi ba sai da taimakon gida. Wannan al'ada ce rundunar sama ta tarar sa'ad da aka kafa ta ran 1 ga Afrilu, 1918. Amma jirgi ba doki ba ne. Ba a gadon iya tuƙinsa, injinsa kuma bai san ɗan wane ba.

Saboda haka shugaban rundunar, Hugh Trenchard, ya shirya ƙofofi uku. Ta fari ita ce kwalejin Cranwell, wadda aka buɗe a 1920, inda ake horon shekara biyu, a fito da naɗi na dindindin. Iyaye ke biyan kuɗin makaranta, don haka ƙofar masu hali ce. Ta biyu naɗi ne na gajeren wa'adi, a yi tuƙi 'yan shekaru, sa'an nan a koma cikin sojan ko-ta-kwana. Ta uku ita ce ta yara masu koyon gyaran jirgi, yawancinsu 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda akan zaɓi ƙalilan mafi hazaƙa daga cikinsu a kai su Cranwell. Ta nan Frank Whittle ya bi: ya shiga koyon gyara a 1923, aka naɗa shi hafsa a 1928, shi ne kuwa ya ƙago injin jet a Ingila. Ku duba irin asarar da za a yi da babu wannan 'yar ƙofa.

Duk da haka, ba kowane matuƙi ke samun naɗi ba. Akwai matuƙa masu igiya uku, kuma da yaƙi ya ɓarke a 1939 suka yi yawa ƙwarai. Nan fa aka ga abin mamaki. A jirgin jefa bom matuƙi ne shugaba, ko da saje ne, hafsan da ke duba masa hanya dole ya bi umurninsa. Da sun sauka sai al'amari ya juye: hafsa ya nufi ɗakin cin abincin hafsoshi, saje ya nufi nasa. Albashinsu daban, lambar yabon da ake ba su kan jaruntaka iri ɗaya ma daban, ba a kuwa daidaita lambar ba sai 1993. Mutanen Kanada, waɗanda ke horar da dubban matuƙa a ƙasarsu, ba su ji daɗin wannan ba. A taron Otawa na 1942 suka samu a yarda cewa duk matuƙinsu ko mai duba hanya da aka ga ya dace, a naɗa shi, ba tare da an ƙayyade adadi ba.

Akwai kuma shingen da ya fi wannan tsauri. Tsakanin yaƙoƙin biyu ƙa'ida ta ce sai wanda yake tsatson Turawa zalla zai shiga rundunar. A watan Oktoba na 1939 aka ɗage wannan sharaɗi na tsawon yaƙi, don tilas ba ta rasa ɗakin kwana. Ta haka ne Peter Thomas, mutumin Ikko, ya sami naɗi a 1942 yana matuƙi. Ya rasu a haɗarin jirgi a watan Janairu na 1945.

Jama'a, in mun lura, a tarihin nan ba a taɓa buɗe ƙofa don alheri kawai ba. Inji ne ya buɗe wa ɗan talaka, yaƙi ya buɗe wa baƙar fata. Mutanen da aka ce ba su cancanta ba a 1938, su ne aka damƙa wa jirage a 1942, ba kuwa su ne suka sake ba, ƙa'ida ce ta sake. Don haka duk mai son ya san yadda wata ƙasa ta ɗauki 'ya'yanta, sai ya karanta sharuɗɗan naɗin hafsoshinta na lokacin zaman lafiya, ya ga wa aka bari a waje.