Ƙuri'a a Hannun Mai Zane

Ana yawan cewa kwamfuta ce ta shigo da ƙuri'a cikin zanen layuka da murabba'ai na Turai, amma tarihi bai goyi bayan wannan magana ba. Tun wajen 1916 mai zane Hans Arp yake manna gutsattsarin takarda yana cewa sa'a ce ta jera su. A 1960 kuwa François Morellet na Faransa ya cika allo da ƙananan murabba'ai 40,000, ja da shuɗi, littafin lambobin tarho ne yake zaɓa masa launi: in lambar da aka karanto tana rabuwa biyu daidai a sa wannan, in ba ta rabuwa a sa wancan. Babu na'ura ko ɗaya a aikin, sai haƙuri da ciwon baya. Abin da kwamfuta ta kawo daga baya shi ne mudu, wato damar auna yawan hargitsin da za a zuba a cikin tsari.

A Fabrairun 1965 Georg Nees, ma'aikacin kamfanin Siemens, ya baje zane-zanensa a Stuttgart ta Jamus ƙarƙashin kulawar malamin falsafa Max Bense. Na'urar Zuse Z64 ce ta ja layukan, alƙalami a maƙale a jikinta yana bin umarnin da aka huda a kan zaren takarda. A dubi Schotter, aikin da ya yi 'yan shekaru bayan haka: murabba'ai goma sha biyu a kowane sahu, na sama a tsaye cak kamar an yi sahun salla, amma kana gangarowa suna gocewa suna karkacewa, har na ƙasa su watse. Nees bai san inda kowane murabba'i zai faɗa ba. Abin da ya yanke shi ne iyakar gocewar da aka yarje wa kowane sahu, kuma a nan fasahar take. Vera Molnár, 'yar Hangari da ta zauna a Paris, ta daɗe tana bin irin waɗannan ƙa'idoji da hannu kafin ta samu kwamfuta a 1968, har ta yi aikin da ta ƙayyade hargitsinsa a kashi ɗaya cikin ɗari.

Masu sukar zanen kwamfuta suna da hujja mai nauyi. A. Michael Noll na Bell Labs a Amurka ya sa kwamfuta ta kwaikwayi wani zanen Piet Mondrian na 1917, ya nuna wa mutum ɗari hotunan biyu. 59 suka fi son na na'ura, 28 kacal suka gane wanda na'urar ta yi. Sai a ce ai mai zane ya zama ɗan rakiya ke nan. To amma wa ya zaɓi gajerun layuka a tsaye da a kwance, da tsawonsu, da da'irar da suka cika? Mondrian ne, Noll ya ara. Kuma lambobin da kwamfuta ke fitarwa ba ƙuri'a ce ta gaske ba, lissafi ne mai kama da ita. In aka fara da lamba guda sau biyu, zane guda za a samu. Sukar da ta fi kama jiki ita ce da yawa daga ayyukan farkon nan sun yi kama da juna, domin injiniyoyi ne masu na'ura iri ɗaya, kuma ba kowa ake bari ya kusanci ɗakin kwamfuta ba a lokacin.