Ƙwallon lambu: Kakar Safari da tsohon filin Kano

Mutumin da ya fito daga cikin birnin Kano ta Ƙofar Nassarawa ya nufi unguwannin da Turawa suka zauna a zamanin mulkin mallaka, ba zai yi tafiya mai nisa ba zai tarar da wani makeken fili mai itatuwa, inda ake buga ƙwallon lambu, wato golf.

Masu kula da kulob ɗin suna cewa an kafa shi ne a shekarar 1908, shekaru biyar kacal bayan da sojojin Birtaniya suka ci Kano da yaƙi a watan Fabrairun 1903. Wannan ya sa filin yake cikin mafiya tsufa a Nijeriya, gaba da na Rayfield da ke Jos, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 1913.

Duk da wannan tsawon tarihi, da wuya a sami Bakano na cikin ganuwa da zai iya bayyana yadda ake ƙirga maki a wasan, balle ya san cewa akwai lokacin da Nijeriya take ɗaya daga cikin zangunan da ƙwararrun 'yan wasan Turai suke yada zango a kowace shekara, a wani jerin gasa da ake kira zagayen Safari.

Yadda wasan yake

Cikakken filin ƙwallon lambu yana da ramuka 18, adadin da ya samo asali daga filin St Andrews na Scotland a shekarar 1764. Faɗin bakin kowane rami milimita 108 ne, kuma ba a yarda ɗan wasa ya ɗauki sanduna fiye da 14 a jakarsa ba.

Abin da ake so shi ne a jefa ƙwallo cikin rami da mafi ƙarancin bugu. Kowane rami yana da adadin bugun da aka ƙayyade masa, uku ko huɗu ko biyar, gwargwadon nisansa. Idan aka haɗa na ramukan duka, jimillar takan kama 70 zuwa 72. Saboda haka a wannan wasa mai ƙaramin maki shi ne gwani.

Gasar ƙwararru takan ɗauki kwana huɗu, daga Alhamis zuwa Lahadi, a zagaya filin sau huɗu, wato ramuka 72. Bayan kwana biyu sai a yi tankaɗe da rairaya, a sallami kusan rabin 'yan wasan.

A nan ne bambancin ƙwallon lambu da ƙwallon ƙafa yake fitowa fili. Ɗan ƙwallon ƙafa yana da albashi, ko ƙungiyarsa ta ci ko an cinye ta. Ɗan ƙwallon lambu kuwa shi ke biyan kuɗin jirginsa da masaukinsa da ladan mai ɗaukar masa jaka, kuma bisa al'ada wanda aka sallama ranar Juma'a ba ya samun ko anini daga kuɗin gasar. Sai ya tattara nasa-ya-nasa ya nufi gari na gaba, aljihunsa ya ragu.

A ƙarshen kaka ana jera 'yan wasa ne bisa yawan kuɗin da suka ci, ko kuma bisa maki kamar yadda ake yi a manyan zagaye a yanzu. Waɗanda suka zo a sama sukan riƙe katinsu na shiga gasa a shekara mai zuwa. Waɗanda suka faɗo ƙasa dole su koma gasar neman gurbi, wadda a Turai akan yi ta a ƙasar Spain, a zagaya fili har sau shida.

Asalin zagayen Safari

A shekarun 1970 da 1980 kakar wasa a Turai ba ta kankama sai wajen watan Afrilu, saboda sanyi da ƙanƙara. Manyan 'yan wasa masu suna sukan tafi Amurka ko Ostareliya. Matsakaita da sababbin shiga, waɗanda galibinsu 'yan Birtaniya da Ireland ne, su ne suke kwararowa Afirka a watannin Fabrairu da Maris don neman abin sakawa a bakin salati kafin a buɗe fage a gida.

Gasar Kenya ce ta fara, a shekarar 1967, ta Nijeriya kuma ta biyo baya a 1969, lokacin da yaƙin basasa bai ƙare ba. Daga nan aka sami ta Zambiya a Lusaka, da wasu ƙanana a garuruwan haƙar tagulla na Ndola da Mufulira, da ta Ivory Coast a filin Yamoussoukro, mahaifar Shugaba Houphouët-Boigny, sannan ta Zimbabwe bayan ƙasar ta sami 'yanci.

Afirka ta Kudu ba ta cikin wannan zagaye. Tana da nata jerin gasar, kuma mulkin wariyar launin fata ya raba ta da sauran ƙasashen nahiyar.

A filin kulob ɗin Ikoyi da ke Legas aka riƙa yin gasar Nijeriya. A shekarar 1971 Lee Elder, baƙar fata ɗan Amurka, shi ne ya lashe ta. Shekaru huɗu bayan haka, a 1975, ya zama baƙar fata na farko da ya buga gasar Masters a Augusta, filin da ya daɗe a rufe ga irinsu.

A 1978 wani saurayi ɗan shekara 20 mai suna Sandy Lyle ya ci gasar Legas, wadda ita ce nasararsa ta farko tun da ya zama ƙwararre. Daga baya ya ɗauki kofin gasar Open ta Birtaniya a 1985 da na Masters a 1988. A wannan kaka ta 1978 ɗin, Seve Ballesteros na Spain ya lashe gasar Kenya. Shi ma Ian Woosnam ɗan Wales ya ci ta Zambiya a 1985 da ta Kenya a 1986, kafin ya ci Masters a 1991.

Kakar 1981 da filin yashi

Kakar da aka fi tunawa da ita ita ce ta 1981, kuma dalilin yana da alaƙa da irin filayen da ake da su a Nijeriya a wancan lokaci.

A Turai da Amurka, wurin da ke kewaye da rami ciyawa ce mai laushi da ake yi wa aski ƙasa-ƙasa, ana ba ta ruwa kullum. A Afirka ta Yamma kuwa, inda ruwa ke wuya da rani, Turawan mulkin mallaka sun yi amfani da wata dabara: a tankaɗe yashi, a cakuɗa shi da baƙin mai na inji, a shimfiɗa shi a daddaɓe. Man yana hana iska kwashe yashin, yana kuma sa shi ya kama jikinsa.

Kafin ɗan wasa ya yi bugun ƙarshe, wani ma'aikaci yakan ja buhu ko tabarma a kan yashin, daga inda ƙwallon take zuwa bakin rami, don ya share sawun ƙafa. Sakamakon haka ƙwallo takan tafi sak, babu ciyawar da za ta karkatar da ita. Haka kuma ƙwallon da ta faɗo daga sama takan tsaya kusan inda ta sauka. Ga wanda ya gane kan abin, filin yashi ya fi na ciyawa sauƙi.

A irin wannan fili ne na Ikoyi, a 1981, wani Baturen Ingila mai suna Peter Tupling ya yi bugu 63 a ranar farko, 66 a ta biyu, 62 a ta uku, 64 a ta huɗu. Jimilla 255 ke nan, wato ƙasa da adadin da aka ƙayyade da bugu 29.

A lokacin babu wanda ya taɓa kammala ramuka 72 a gasar ƙwararru da ƙarancin bugu haka. Bajintar da ake ji da ita a Amurka ita ce 257 da Mike Souchak ya yi a Texas a 1955, wadda ba a karya ta a can ba sai a 2001.

Masu sharhi a Birtaniya sun yi ta rage wa abin daraja, suna cewa filin gajere ne, tsawonsa bai wuce yadi dubu shida da 'yan kai ba, kuma a kan yashi aka yi. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu. Sai dai kuma sauran ƙwararrun da suka buga a wannan fili, a wannan mako, a cikin zafin Legas iri ɗaya, babu wanda ya kamo shi. Tupling bai taɓa lashe wata gasa a babban zagayen Turai ba, kuma da wannan mako guda na Legas ake tuna shi.

Daga Legas ayarin ya ci gaba da tafiya. Gordon J. Brand ya ci gasar Ivory Coast, Brian Barnes ɗan Scotland kuma ya haɗa ta Kenya da ta Zambiya.

Vijay Singh

Babu wanda zagayen Safari ya yi wa rana kamar Vijay Singh, ɗan tsibirin Fiji mai asalin Indiya.

A 1985 an dakatar da shi daga zagayen Asiya bisa zargin canja maki a katinsa, zargin da ya sha musantawa. Ya koma yana koyar da wasan a wani ƙaramin kulob a tsibirin Borneo, yana tara ɗan abin da yake samu.

Da wannan guzuri ya zo Afirka, ya lashe gasar Nijeriya a 1988. A 1989 ya sake cin ta, ya ƙara da ta Ivory Coast da ta Zimbabwe, kuma a shekarar ce ya sami nasararsa ta farko a babban zagayen Turai, a ƙasar Italiya. Ya ci gasar PGA ta Amurka a 1998 da 2004, da Masters a 2000. A watan Satumban 2004 ya ture Tiger Woods daga matsayin na ɗaya a duniya.

Dusashewar zagayen

A farkon shekarun 1990 an shigar da gasannin Safari cikin zagaye mai daraja ta biyu na Turai, wanda ake kira Challenge Tour a lokacin. Babban zagayen kuwa ya fara buɗe kakarsa tun cikin hunturu a ƙasashe masu ɗumi, ciki har da Dubai tun daga 1989. Da haka buƙatar zuwa Afirka ta Yamma ta kau.

A Nijeriya abin ya zo daidai da faɗuwar darajar naira bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, wanda ya sa biyan kyauta da kuɗin waje ya yi wa kamfanoni nauyi. Gasar Nijeriya ta fita daga jadawalin Turai, ba ta kuma koma ba. Kenya ce ta riƙe tata, har aka ɗaga ta zuwa babban zagaye a 2019.

Kuɗin wasan a yanzu ya karkata ne zuwa ƙasashen Larabawa. Tun daga kakar 2022 zagayen Turai yake ɗauke da sunan kamfanin DP World na Dubai, kuma a wannan shekarar ce aka fara gasar LIV, wadda asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ya kafa da kuɗinsa, ta janye wasu manyan 'yan wasa daga Amurka.

Kano da 'yan wasan gida

Filin Kano, kamar na Kaduna da na Zariya, ya shafe shekaru masu yawa da wannan tsari na yashi da baƙin mai. Lokacin da ake kakar Safari ya yi daidai da ƙarshen hunturu a Arewa, sa'ad da ƙasa ke bushewa ta yi tauri, ƙwallo ta riƙa gangarawa da nisa bayan ta sauka, hazo kuma yakan ɓoye tutar da ke nuna rami.

Abin lura shi ne yadda wasanni biyu da Turawa suka kawo suka sami karɓuwa daban. Ƙwallon dawaki ta shiga gidajen sarauta tun da wuri, musamman a Katsina, inda Sarki Muhammadu Dikko ya rungume ta, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya shahara a kanta. Doki abin ado ne da Bahaushe ya riga ya sani. Ƙwallon lambu kuwa ta tsaya a bayan ganuwa, a hannun Turawan gwamnati da na kamfanoni da 'yan kasuwa Kwarori, daga baya manyan ma'aikata da hafsoshin soja da attajirai suka gaje ta.

Amma ƙwararrun Nijeriya ba daga cikin waɗannan masu hali suka fito ba. Akasarinsu yaran da ke ɗaukar wa 'yan kulob jakar sanduna ne, daga unguwannin da ke maƙwabtaka da filayen. Suna koyon bugu ta hanyar kallo, su gwada da tsohuwar sanda idan masu fili sun tashi. Wanda hannunsa ya faɗa sai ya nemi shiga ƙungiyar ƙwararru ta ƙasa, wadda aka kafa a 1969.

Kakar irin wannan ɗan wasa ba ta da tsayayyen jadawali kamar ta Turai. Gasa tana samuwa ne idan wani banki ko kamfani ko gwamnatin jiha ko wani babban mutum ya ɗauki nauyinta, wani lokaci don bikin cikar shekaru ko tunawa da mamaci. Yau a Ikoyi ko Ikeja, gobe a Ibadan ko Fatakwal ko Otukpo, jibi a filin IBB na Abuja da aka buɗe a 1991, galibi kuma a mota ake yin tafiyar. Idan mai ɗaukar nauyi ya janye, gasar ta mutu ke nan, ɗan wasan ya koma koyar da 'yan kulob har Allah ya kawo wata.

Akwai kuma wata matsala ta fasaha. Wanda ya tashi a filin yashi ya saba da ƙwallo mai tafiya sak, wadda ake bugawa da ƙarfi. Idan ya sami kansa a ciyawa mai santsi da gangara, kamar ta Muthaiga a Nairobi, sai ya koyi karanta kwanciyar ƙasa daga farko, alhali abokan karawarsa a kanta suka girma. Sauya filin yashi zuwa na ciyawa kuwa yana bukatar rijiyoyin burtsatse da injunan ban ruwa da ma'aikata na dindindin, a garin da damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar.