Zare: Tayoyi biyu da suka lanƙwasa jikin Spitfire da motar James Bond

1/ Jama'a, yau bari in ba ku tarihin wata na'ura da ba ta shan fetur, ba ta jiran wutar NEPA, amma da ita aka lanƙwasa jikin jiragen yaƙi da motocin da yanzu ake sayarwa miliyoyin daloli. A Ingila sunanta "wheeling machine", Amurkawa kuma suna ce mata "English wheel". Ku biyo ni.

2/ Mu fara da matsalar. Ɗauki takarda ka naɗe kwalba da ita, za ta kwanta lafiya lau. To gwada naɗe ƙwallo da ita. Dole ta yamutse. Kwalba lanƙwasa ɗaya gare ta, ƙwallo kuwa ta kowane ɓangare a lanƙwashe take. Fallen ƙarfe ma halinsa ke nan.

3/ Jikin mota da na jirgi ya fi kama da ƙwallo. Ba za ka samu wannan siffa da lanƙwasawa kawai ba, sai tsakiyar fallen ta miƙe ta fi gefensa faɗi. Shekaru aru-aru maƙera da guduma suke yin haka, bugu bayan bugu, sannan a dawo ana goge shaidar gudumar.

4/ Ita na'urar nan siffarta mai sauƙi ce. Wani ƙaton firam ne kamar harafin C. A bakinsa na sama akwai babbar tayar ƙarfe mai shafaffen baya. A ƙasa kuma ƙaramar taya mai ɗan tudu a tsakiya. Sai wani zare da ake murɗawa a matse su. Shi ke nan fa.

5/ Ka sa fallen tsakaninsu, ka tura, ka jawo, kana ɗan karkatawa kowane zuwa. Duk layin da tayoyin suka bi, ƙarfen wurin zai ɗan yi siriri ya miƙe, kamar yadda ake murza kwaɓin fulawa da kwalba. Ka yawaita bi ta tsakiya, sai ka ga fallen yana tasowa kamar bayan ƙwarya.

6/ Tayoyin ƙasan kala-kala ne, ana canza su. Mai ƙaramin tudu ta dace da rufin mota ko ƙofa, mai tudu sosai kuma ta wurin da lanƙwasa ta yi zurfi, kamar murfin taya. Babban falle sai mutum biyu, ɗaya a kowane gefe, kuma dole hannunsu ya zo ɗaya.

7/ Me ya sa Ingila? A farkon ƙarni na 20, mai kuɗi ba ya sayen mota cikakkiya. Kamfani irin Rolls-Royce inji da shasi kawai zai sayar maka. Kai za ka kai wa masu ƙera jiki, irin su Hooper, Barker, Park Ward ko H. J. Mulliner, su yi maka yadda ranka yake so.

8/ Wasu daga cikinsu, kamar Barker da Hooper, tun zamanin keken doki suke sana'ar. Kowace mota da nata fasalin, kamar ɗinkin tela. A irin waɗannan shaguna na'urar ta zauna daram. Kamfanoni kamar F. J. Edwards da Ranalah suka riƙa zuba firam ɗinta da ƙarfen zubi mai nauyin gaske.

9/ Ba kowa ne ya bi wannan hanya ba. Italiyawa sun riƙe guduma da kututturen itace. A shagon Scaglietti da ke Modena, da hannu aka buga jikin Ferrari 250 GTO, guda 36 kacal tsakanin 1962 da 1964. Amurkawa kuma suka fi karkata ga gudumar inji. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

10/ Barazanar daga Philadelphia ta taso. A 1912 Edward Budd ya kafa kamfanin da ke buga jikin mota na ƙarfe zalla da manyan injinan matsa. A sassaƙa mazubi biyu, na sama da na ƙasa, a sa falle a tsakiya, a danna. Aikin yini guda ya koma na daƙiƙoƙi.

11/ Dodge ta rungumi tsarin tun 1914. Citroën ta kai shi Faransa a tsakiyar shekarun 1920. A 1926 William Morris ya haɗa hannu da Budd suka kafa Pressed Steel a Cowley, kusa da Oxford. Wato injin matsa ya shigo har cikin gidan masu taya.

12/ Ga lissafin da nake so ku riƙe, don shi ne zuciyar labarin. Mazubi yana da tsadar bala'i kuma yana cin lokaci kafin a gama shi, amma idan mota dubu ɗari za ka yi, kuɗin ya narke a cikinsu. Idan guda biyar za ka yi fa? Asara ce tsagwaronta. Taya kuwa ba ruwanta da mazubi.

13/ Shi ya sa masu ƙera jiragen sama suka riƙe ta. Spitfire ya fara tashi ranar 5 ga Maris 1936, kuma an ƙera sama da 20,000, ana ta sauya fasalinsa har yaƙi ya ƙare. Sassa masu wuyar lanƙwasa, irin murfin inji da mahaɗar fiffike da gangar jiki, aikin masu taya ne.

14/ A watan Satumba 1940 jiragen Jamus suka ragargaza masana'antar Supermarine da ke Woolston a Southampton. Sai aka rarraba aikin zuwa garejoji da tashoshin bas da ƙananan shaguna. Ku yi tunani: a irin wannan hali, kayan aikin da za a ɗora a mota a kai wani lungu sun fi zinariya.

15/ Bayan yaƙi lissafin Budd ya yi halinsa. A 1946 aka fitar da Bentley Mark VI da jikin da Pressed Steel ta buga, karon farko da kamfanin ya sayar da mota cikakkiya daga masana'antarsa. Masu ƙera jiki suka fara rufe shago ɗaya bayan ɗaya. Hooper ta daina a 1959.

16/ Amma inda ake yin mota kaɗan, tayar ta ci gaba da juyawa. AC a Thames Ditton da hannu take siffanta jikin alminiyom na Ace, wadda Carroll Shelby ya sa wa injin Ford a 1962 ta zama Cobra. Cobra ta farko an sayar da ita dala miliyan 13.75 a 2016.

17/ Haka Aston Martin a Newport Pagnell. DB5 ta 1963, wadda James Bond ya tuƙa a fim ɗin Goldfinger na 1964, fatarta alminiyom ce da masu sana'a suka siffanta suka ɗora kan siraran bututun ƙarfe. Kyan da kuke gani a hoto, gumin hannun wasu ne da ba a rubuta sunansu a jikin motar ba.

18/ Kada a ɗauka na'urar ce ke yin komai. Miƙar da ƙarfe kawai ta iya, ba ta iya tsuke shi. Inda gefe ya yi yawa, sai a tattare shi a buge da guduma. Ana gwada fallen a kan samfurin katako, a dawo taya, a sake gwadawa. Daga ƙarshe a haɗa guntayen da walda.

19/ Alminiyom kuma yana taurara idan ya sha aiki. Dabarar tsofaffin ita ce a shafa masa baƙin hayaƙin wutar walda, a gasa har baƙin ya ɓace, alamar zafi ya isa ya yi laushi. Ka wuce gona da iri, ya narke a gabanka. Wannan ba a karatu ake samunsa ba, sai an tsaya gaban oga.

20/ Yau masu gyaran tsofaffin motoci da jirage, da masu ƙera tankin babur na musamman, su suka farfaɗo da ita. Dalili ɗaya ne: ƙofar motar 1935 ba ta kasuwa, mazubinta ya daɗe da zama tarihi. Ko dai a samu mai taya, ko motar ta ci gaba da zama a gareji.

21/ Mai son saya, ga abin dubawa. Na farko firam. Idan yana buɗewa lokacin da ka matse tayoyin, ƙarfinka a firam yake tafiya, ba a falle ba. Nan ne yawancin masu arha suke faɗuwa, kuma shi ya sa har yanzu ake rububin tsofaffin na ƙarfen zubi.

22/ Na biyu tayoyin. Su zama na ƙarfe mai tauri, a goge suke kamar madubi, suna juyawa ba tangal-tangal. Ɗan tabo ɗaya a taya zai buga kansa a fallenka duk zagaye. Ƙurar yashi ma haka take yi, don haka a goge falle da taya kafin a fara.

23/ Mai walda kuma zai iya haɗa firam da kansa da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, mai kauri. Ka tuna, iya zurfin bakin C ɗin, iya girman fallen da zai shiga, amma iya saurin buɗewarsa. In ka ƙara zurfi, ƙara kauri da tokara. Tayoyin kam a ba mai injin gurza ƙarfe, ko a saya. Kuma a kula da yatsa, tayar ba ta san na gida ba.

24/ Abin da nake gani a tarihin nan: injin matsa ya cinye kasuwar miliyoyi, amma ya kasa cinye kasuwar guda ɗaya, don a can gwaninta ake saya ba ƙarfe ba. Firam da taya za ka iya mallaka cikin mako. Ido da hannun da suka san inda falle yake son tasowa, shekaru suke ci.

25/ Sunan "fanel bita" da muke kiran masu gyaran jikin mota ma daga wannan sana'a ta Ingila ya zo mana. In akwai ɗan sana'ar a nan, ko wanda ya taɓa aiki da na'urar, ya faɗa mana yadda yake fitar da lanƙwasa biyu. A tura wa abokai masu walda.