Daga Faifai zuwa Turi: Nazarin Kallon Fim a Gida a Garin Illela Dangane da Muhawarar Faifan 4K da Kallo ta Intanet

Tsakure

A Turai da Amurka, masu sha'awar fim sun daɗe suna muhawara kan wanda ya fi tsakanin faifan Ultra HD Blu-ray da kallon fim kai-tsaye ta intanet. Wannan maƙala ta auna muhawarar da ma'aunin Illela, garin da ke bakin iyakar Nijeriya da Nijar a Jihar Sakkwato. Ta dogara ne kan ƙa'idojin fasahar da kamfanoni suka bayyana, da tarihin kasuwar fina-finan Hausa, da al'amuran da suka shafi iyaka da sadarwa daga 2019 zuwa 2025. Maƙalar ta nuna cewa faifai ya tsaya a matakin DVD a wannan yanki, kuma abin da ya gaje shi shi ne turi, wato zuba wa mutum fim a waya ko memori. Turi ya biya buƙatar mai kallo, amma ya bar mai shirya fim ba riba, ya bar fim ɗin ba ma'ajiya.

Fitilun kalmomi: faifai, turi, Kannywood, Illela, data, adana fim.

1.0 Gabatarwa

A farkon 2016 aka fara sayar da faifan Ultra HD Blu-ray, wanda aka fi sani da faifan 4K. A watan Janairun wannan shekarar ne kuma Netflix ya buɗe hidimarsa a sababbin ƙasashe 130, har da Nijeriya. Tun daga lokacin, masu goyon bayan faifai ke kafa hujja da tsabtar hoto da ƙarfin sauti, da kuma cewa abin da ka saya ya zama naka. Masu goyon bayan intanet kuwa suna duba sauƙi da yawan zaɓi. Kasuwa ta karkata ga na biyu: Oppo ya daina ƙera na'urar faifai a 2018, Samsung ya daina fitar da sababbi a kasuwar Amurka a 2019, Netflix ya rufe sashensa na aika faifan DVD ta gidan waya a Satumbar 2023, sannan shagunan Best Buy suka daina sayar da faifan fim a farkon 2024.

Duk ɓangarorin biyu sun ɗauki wasu abubuwa a matsayin tabbatattu: wutar lantarki da ba ta yankewa, da babban talabijin, da intanet na gida da ba a ƙirga masa data. Tambayar wannan maƙala ita ce: idan aka cire waɗannan, me ya saura na muhawarar, kuma wace hanya mai kallo yake bi?

2.0 Farfajiyar Nazari

Illela tana arewa da birnin Sakkwato da nisan kilomita 80 da 'yan kai, tana fuskantar Birnin Ƙonni na Jihar Tawa a Nijar. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar tana da mutum 150,489. Kasuwarta ta ranar Lahadi ta shahara da dabbobi da hatsi, tana tara 'yan kasuwa daga ƙasashen biyu, naira da sefa suna yawo hannu da hannu. Harshe ɗaya ake yi a ɓangarorin biyu, auratayya ta haɗa gidaje, saboda haka fim ɗin da aka shirya a Kano ba ya buƙatar tafinta idan ya ƙetara. Wannan ne ya sa garin ya dace da nazarin: ya kasance mashigar kaset da faifan Kannywood zuwa Ƙonni da Tawa da Dogon Dutsi, kuma duk abin da ya taɓa iyaka yana taɓa shi kai-tsaye.

3.0 Abin da Alƙaluman Fasaha ke Nunawa

Ana auna tsabtar hoto da yawan ɗigon da ke haɗuwa su ba da sura. A tsarin talabijin da Nijeriya ke bi, faifan VCD yana ɗauke da ɗigo 352 sau 288, wato 101,376. DVD yana da 720 sau 576, wato 414,720. Blu-ray na 2006 ya kai 1920 sau 1080. Faifan 4K kuwa yana da 3840 sau 2160, wato ɗigo 8,294,400: ninki ashirin na DVD, kuma sama da ninki tamanin na VCD. Wajen ɗaukar kaya, DVD mai shimfiɗa ɗaya yana cin gigabayit 4.7, faifan 4K kuma ana yin sa a gigabayit 50 ko 66 ko 100.

A nan hujjar masu faifai take da ƙarfi, kuma gaskiya ce. Faifan 4K yana iya zubo bayanai har megabit 100 ko fiye a kowace daƙiƙa, alhali Netflix yana neman layin da ya kai megabit 15 ne kawai domin nuna hoto mai wannan suna. Sunan ɗaya ne, amma an matse na intanet matsa mai tsanani, kuma idon da ya saba yana gane hakan a wuraren duhu, da hayaƙi, da motsi mai sauri.

Sai dai ko wannan matsattsen ya fi ƙarfin aljihun mai kallo a Illela. Bisa bayanin Netflix da kansa, awa ɗaya ta 4K tana iya cin data har gigabayit 7. Fim mai awa biyu ke nan gigabayit 14, ga mutumin da ke sayen data ta kwana ɗaya ko ta mako. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari, wanda ya ƙara faɗaɗa tazarar. Sannan akwai batun allo. Yawancin kallo a waya ake yin sa, irin su Tecno da Itel da Infinix, kuma allon inci shida ba shi da ɗigon da zai nuna 4K, balle ido ya rarrabe. Duk wanda ya biya kuɗin wannan datar ya biya abin da ba zai gani ba.

4.0 Yadda Faifai ya Tsaya a Matakin DVD

Masana'antar fim ta Hausa a kan kaset aka haife ta. Ana ɗaukar Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, wanda ya fito a 1990, a matsayin farkon fim ɗin bidiyo na Hausa da ya shiga kasuwa. Brian Larkin (2004, 2008) ya nuna cewa hanyoyin da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai a Kano suka shimfiɗa domin kwafar fina-finan Indiya da na Amurka su ne daga baya suka ɗauki fina-finan Hausa zuwa ko'ina. Ya kuma lura cewa mai kallo a Arewa ya tashi ne da hoto mai dishi-dishi da sauti mai kwarmato, domin kwafin kwafi ne ke isa gare shi. Wannan lura tana da muhimmanci ga nazarinmu: tun asali ba tsabtar hoto ce ke sayar da fim a nan ba. Labari ne, da waƙa, da fuskar jarumi.

Daga kaset aka koma VCD, daga nan DVD, da taimakon na'urori masu araha daga Sin. Mataki na gaba, wato Blu-ray, kasuwar fim ta Hausa ba ta taka shi ba. Dalilan a fili suke. Na'urar tana da tsada, ana buƙatar talabijin da ya dace da ita, kuma faifan yana da makullin hana kwafa mai ƙarfi, alhali tsarin rarrabawar gaba ɗayansa a kan kwafa mai sauri da araha aka gina shi. Yanayi ma bai taimaka ba: ƙurar hunturu tana toshe idon na'ura, zafin bazara a Sakkwato yana haura digiri 40, faifan da aka ƙona a kwamfuta kuwa ba ya jure zafi da karce. Kafin a yi maganar faifan 4K a duniya, wayar hannu mai memori ta riga ta fara cinye kasuwar DVD, masu shagunan haya da na sayarwa suna komawa sayar da caja da gilashin waya.

5.0 Turi a Matsayin Hanya ta Uku

Mai turi yana buƙatar kwamfuta, da babbar ma'ajiya, da wuta ta janareto ko sola. Sau da yawa shagon caji ne a lokaci guda. Shi ne ke sauke fim sau ɗaya, ya matse shi zuwa 'yan ɗaruruwan megabayit, ya zuba wa duk wanda ya kawo waya ko memori ko filashi a kan kuɗi kaɗan. Wanda aka tura wa kuma yana tura wa wani ta Xender ko Bluetooth ba tare da data ba. Kayan da ake nema sun haɗa da fina-finai masu dogon zango, da fassarar Indiya-Hausa irin ta Algaita, da wa'azi, da waƙoƙi.

Idan aka duba da kyau, turi ya ɗebo amfanin ɓangarorin biyu da ake muhawara a kansu. Kamar faifai, yana aiki ba tare da sabis ba, kuma abin yana hannun mai shi. Kamar intanet, ba shi da nauyi, kuma sabon fitowa yana isowa a ranar da ya fito. Kuɗin datar da mutum ɗaya ya kashe ana raba shi tsakanin mutane da yawa. Ga matar aure da ke cikin gida, yaro ne ke kai memori ya dawo da shi, ta yi kallonta a lokacin da ta ga dama. Ga makiyayi ko ɗan ƙauye da ya ci kasuwar Lahadi, guzurin mako ne yake ɗauka zuwa inda sabis ba ya kaiwa.

Wannan ba ya nufin kallo ta intanet bai samu gindin zama ba. Tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014 ta saba wa mutane bibiyar shiri mako-mako ta hanyar Daɗin Kowa da Kwana Casa'in. Daga 2020 Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka tabbatar da YouTube a matsayin babbar kasuwa, ga kuma manhajoji irin su Northflix da Kallo.ng. Amma ko a YouTube, mai tattalin data yana rage hoton zuwa mataki na 240 ko 360, kusa da inda VCD ya tsaya. Kuma shagon turi daga wannan rijiyar yake ɗiba.

6.0 Iyaka da Sabis

Abin da ya bambanta Illela da Kano ko Zariya shi ne yadda hukuncin gwamnati ke iya datse hanya dare ɗaya. A Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu, sai ranar 16 ga Disamba 2020 aka buɗe guda huɗu: Seme, da Illela, da Maigatari, da Mfun. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, aka sake rufewa a ƙarƙashin takunkumin ECOWAS, Nijeriya ta kuma yanke wutar da take bai wa Nijar, har zuwa Maris 2024. A irin wannan lokaci kwalin faifai kaya ne da za a tare a shinge. Memori kuwa bai kai farcen yatsa girma ba.

Ta ɗaya gefen, a Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a Zamfara, sannan a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Jihar Sakkwato, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Inda aka katse, kallo ta intanet ya tsaya cik, abin da ke cikin memori kaɗai ya rage. Ashe hujjar mallaka da masu faifan 4K ke kafawa a Amurka, don tsoron kada kamfani ya cire fim daga jerinsa, ta fi nauyi a nan, inda hanyar gaba ɗaya ce ake iya ɗaukewa. A ganin wannan maƙala, ma'aunin inganci na gaskiya ga mai kallo a bakin iyaka shi ne ko fim ɗin zai buɗe idan babu wuta, babu sabis, babu hanya.

7.0 Haƙƙin Mai Fim da Makomar Ajiya

Zamanin faifai, duk da satar fasaha, furodusa yana da abin ƙirgawa: ya san adadin kwalin da ya buga, ya san abin da dila zai biya. A YouTube ana biyansa gwargwadon masu kallo da talla. Turi ya faɗa tsakani: kallo dubu na iya fitowa daga saukewa ɗaya, kuma ɗaya ɗin nan kaɗai za a ƙirga masa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta faɗaɗa kariya zuwa ayyukan da ke yawo ta intanet, amma kame da rufe shaguna ba zai kawar da buƙatar da ta haifi sana'ar ba. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne ƙungiyoyin masu shirya fim su mayar da masu turi dillalai masu rajista, a ba su kwafi mai kyau a kan kuɗin wata.

Matsalar da ta fi wannan girma, kuma ba a cika maganarta ba, ita ce ajiya. Kyamarorin da ake ɗaukar fim da su yanzu suna ba da hoto mai tsabta ƙwarai, amma abin da ke yawo a hannun jama'a matsattsen kwafi ne, asalin kuwa yana kan ma'ajiyar kwamfutar edita, wadda ake gogewa idan wuri ya cika. Idan aka rufe tashar YouTube, ko ma'ajiyar ta lalace, kwafin mai turi ne zai zama shaida ta ƙarshe. Fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976, ya ɓace shekaru masu yawa, sai a 2016 aka gano naɗinsa, aka gyara shi da taimakon cibiyar Arsenal ta Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Ya tsira ne domin yana da jikin da za a iya tsinta a ɗaki. Shirin da aka ɗora a intanet kaɗai ba shi da wannan damar.

A nan ne faifai mai ɗaukar gigabayit 100 yake da aikin yi a ƙasar Hausa, ko da ba zai shiga ɗakin kowa ba: a matsayin ɗaya daga cikin ma'ajiyoyin asalin fim. Hukumar fina-finai ta ƙasa tana da ma'adana a Jos. A Sakkwato akwai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu, waɗanda suka saba da adana rubuce-rubucen hannu. Ya kamata hukumomin tace fina-finai su sa ajiye cikakken kwafi a irin waɗannan wurare cikin sharuɗɗan ba da izinin fitar da fim, kwafi biyu a garuruwa biyu, a riƙa sabunta su kafin na'urorin karanta su su ƙare a kasuwa.