Yadda Waƙar Fim Ta Bar Silima Ta Biyo Mu Har Nan

Tun a shekarun 1950 'yan kasuwa Kwara, wato Labanawa, suke kawo finafinan Indiya gidajen silima na Kano. Mother India, wanda ya fito a 1957, ya daɗe ana haska shi. Matan aure ba sa zuwa silima, amma waƙoƙin sun same su har tsakar gida ta rediyo, daga baya ta kaset. Ba a jin Indiyanci, amma fa ana haddace amon. Har masu bandiri suka ɗauki karin suka ɗora masa begen Annabi.

Da aka yi Turmin Danya a 1990, sana'ar fim ɗin Hausa ta kankama. Zuwa lokacin Sangaya, waƙar fiyano ta zama jarin fim: sai a fara sakin kaset ɗinta, ta karaɗe tasha da shagon tela da gidan biki, sannan fim ya biyo baya.

Haka ta tsallako zangon Kumasi da Jidda da Landan, yanzu kuma ta waya. Direban tasi yana sa Nura M. Inuwa don dare ya yi masa sauri, uwargida tana girki da Umar M. Shareef don ta rage kewa.

To, 'yan uwa, a lura. Yaron da aka haifa a nan, sau da yawa Hausar da ya fi ji ita ce ta waƙar nan. In ya tambayi ma'anar wata kalma, kar a ce masa "ai waƙa ce kawai". A zauna a warware masa.