Milwaukee Bucks da Giannis: daga ƙarshen tebur zuwa kofi

Milwaukee Bucks ƙungiyar ƙwallon kwando ce a gasar NBA ta Amurka. A kakar 2013-14 wasa 15 kacal ta ci cikin 82, ita ce kurar baya. A kakar ne ta fara sa Giannis Antetokounmpo, ɗan shekara 18, haifaffen Girka, iyayensa kuwa daga Legas suka tafi can. Asalin sunan Adetokunbo ne, na Yarabawa.

Lokacin siriri ne kamar maraƙin da ya sha rani, maki 6.8 yake ci a wasa. Amma duk shekara sai ya ƙara jiki, ya ƙara maki. A 2017 ya kai 22.9, aka ba shi kyautar wanda ya fi kowa ci gaba. Ya zama gwarzon NBA a 2019 da 2020.

Inda yake da rauni shi ne jifan da ake ba mutum in an yi masa ƙeta, har 'yan kallo ke ƙirga masa daƙiƙa don tsokana. To, a wasan ƙarshe da Phoenix Suns a 2021 ya zura 17 cikin 19, ya tashi da maki 50. Bucks ta ɗauki kofi, rabonta da shi tun 1971.